Amsar Tambaya: Fentina na bushewa a ajiye

Tambaya: Ina son zane, amma da na zauna gaban takarda sai kaina ya ɗaure. Daga wata ɗaliba, Matamaye.

Amsa: 'Yata, baiwa tana nan, zaɓi ne ya yi miki yawa. Rubuta sunayen launuka a guntayen takarda, ki zuba a ƙwarya. Kullum bayan la'asar ki zari ɗaya, ki nemo launin a gari, ki zana. Kore ya fito? Ga ganyen raken fadamarku. Ja? Ga tulu. Minti 15 ya isa. In fenti ya ƙare, jiƙa soɓo ko lalle, kodayake ruwan soɓo yakan koɗe. Kada ki yaga zanen da ya ɓaci. Sa masa kwanan wata. Ranar da kika je Damagaram, ki duba zanen bangayen unguwar Birni.