Fenti a Cikin Ɗaki da Lafiyar Huhunku

Maigida da uwargida, ku lura da wannan darasi. Yanzu fenti ya shiga ƙauye. Ana shafa wa ɗakin amarya, ana rubuta allon shago da shi, yara kuma suna zane da shi a makaranta.

Fenti iri biyu ne. Akwai na ruwa, wanda ya haɗa da akirilik na masu zane. Ana dama shi da ruwa, kuma yana bushewa da sauri. Akwai kuma na mai, wanda ake tsinka shi da tina ko kananzir. Na ruwa ya fi sauƙin cutarwa, amma shi ma sai an yi hankali.

Yadda yake cutarwa

Sa'ad da fenti yake bushewa, tururi yana tashi daga jikinsa. Idan ɗaki a rufe yake, tururin ba shi da mafita sai hancinku. Yakan jawo ciwon kai, da tari, da hawaye. Mai ciwon fuka kuwa, ciwonsa na iya tashi.

Waɗansu launukan masu zane, musamman ja da ruwan ɗorawa, akan haɗa su da wani ƙarfe mai guba, kadmiyam. Tsohon fenti na mai kuma sau da yawa akwai dalma a ciki, ita kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. In an fesa fenti, ko an goge busasshensa da sanfefa, ƙurar takan wuce har cikin huhu.

Abin da za ku yi

1. Ku buɗe ƙofa da taga, ko da lokacin hunturu ne, iska ta shiga nan ta fita can.
2. Ku fitar da jarirai, da mai ciki, da mai fuka. Kada a kwana a ɗakin sai bayan kwana 2 ko 3, wari ya tafi.
3. Fesawa da gugar sanfefa, a yi su a fili. A jiƙa wurin kafin a kankare.
4. Kada a sa buroshi a baki. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.
5. Kada a kusantar da fenti na mai ga murhu ko fitila, domin tururinsa yana kama wuta.
6. Kada a zuba ruwan sha ko hatsi a tsohon gwangwanin fenti.

In wani ya ji jiri, a fitar da shi ya sha iska. In numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan da nan. In yaro ya sha tina, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja. A ruga da shi asibiti tare da gwangwanin.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.