Motar da Ta Yi Fakin a Gefen Titi, da Abin da Ke Bayanta

Koyar da tuƙi ne sana'ata a Kano, kuma kusan duk wanda ya zauna a gefena don koyo, motar da ke tafiya yake tsoro. Tirela ta taho, ya ƙanƙame sitiyari. Ɗan Adaidaita ya gitta, ya take birki har mota ta mutu. Amma da zarar mun shiga layin da motoci suka yi fakin a jere, sai ya saki jiki, har ya ƙara wuta, don a ganinsa abin da ke tsaye ba ya cutarwa. Ni kuwa a nan hankalina yake tashi, domin motar da ke tsaye labule ce, ba ka san wa ke bayanta ba sai ya fito.

Yaro ɗan shekara biyar ko shida bai kai tsayin rufin ƙaramar mota ba, balle jif ko bas. In ya tsaya tsakanin motoci biyu ba ka ganinsa, shi ma ba ya ganinka. Kuma yaro ba ya auna gudun mota kamar babba. Ƙwallonsa ya faɗa titi, ko ya hango yayarsa a tsallake, shi ke nan ya ruga. Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar Islamiyya a lokacin tashi, ko ta gaban makarantar boko da rana tsaka sa'ad da iyaye suka jera motoci layi biyu, ya san abin da nake nufi. Haka ƙofar masallaci ranar Juma'a bayan an sallame, haka gidan biki, haka wurin zaman makoki. Ga 'yar talla da faranti a ka tana bin mai saye, ga almajiri da aka miƙo wa sadaka daga ɗaya gefen, ga ɗan dako a Kantin Kwari ko Singa wanda dila ta rufe masa rabin fuska.

Akwai lissafin da nake yi wa kowane ɗalibi, kuma ina so mai karatu ya tsaya ya duba shi. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Direba mai natsuwa, wanda ba ya waya, ba ya hira, yana buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin abu da taka birki. Ke nan ya wuce tsawon ƙananan motoci uku kafin ƙafarsa ta taɓa birkin. Daga nan motar za ta ƙara kusan wannan tazarar kafin ta tsaya, in kwalta a bushe take, tayoyi kuma na da kyau. Jimilla wajen mita 27. Mai gudun 30 kuwa, da tunaninsa da birkinsa duka, wajen mita 13 ya tsaya cak. Ma'ana, a daidai inda mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 bai ma fara rage gudu ba. Da cikakken gudunsa zai sami yaron.

Ɗalibai sukan ce, "Malam, ai doka ta ce 50 a cikin gari." Haka ne, dokar hanya ta Najeriya ta sa 50, amma wannan iyaka ce da ba a tsallakewa, ba umarni ba ne cewa sai ka kai. A 2020 ma, taron ministocin ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Stockholm na Suwidin ya nemi a riƙa tsayawa a 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya. In ba mu ba, wa ke da cuɗanya irin ta titin Ibrahim Taiwo ko Sabon Gari da yamma? A irin waɗannan wurare ni 20 ma nake sa ɗalibi ya yi, ƙafarsa ta bar totur ta koma saman birki tana jira. Wannan ɗan sauya wurin ƙafar kaɗai yana rage maka wasu mitoci kafin ka tsaya.

Sai ƙofa. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, direba a hagu yake zama, don haka in ya yi fakin a dama, ƙofarsa cikin titi take buɗewa. Ƙofar ƙaramar mota tana fitowa kusan mita guda. Wannan tazarar ita ce mafi ƙanƙantar abin da za ka bari tsakaninka da motocin gefe. In hanya ta matse ba za ka samu ba, to ka biya da rage gudu, ka wuce kamar mai tafiya a ƙasa. Masu babur da keke su suka fi shan wahalar ƙofa, domin su ne ke raɓewa ta gefe. Ƙofa ta doke mutum ya faɗi tsakiyar titi, motar da ke bayansa ta ƙarasa. In kana bin mai babur a irin wannan layi, ja baya ka ba shi fili, don yana iya kaucewa kanka ba sanarwa.

Motar da ke tsaye tana nuna abin da za ta yi, in ka iya dubawa. Kan mutum a kujerar direba, jar fitilar birki, farar fitilar ribas, hayaƙi daga salansa, ruwan esi yana ɗiga a ƙasa, tayar gaba ta karkato wajen titi: duk alamun wanda zai fito ne ko zai buɗe ƙofa, kuma kada ka jira sigina, da yawa ba sa bayarwa. Wadda ta tsaya yanzun nan a gabanka ta fi kowace haɗari, domin tabbas wani zai sauka. Ina koya wa ɗalibai su riƙa leƙa ƙarƙashin motoci tun daga nesa, domin ƙafafu suna bayyana kafin mai su. Baƙin gilashi da ya yi yawa yanzu ya sa wannan dabara ta ƙara amfani. Adaidaita ko bas da ya tsaya sauke fasinja kuwa, ka ɗauka kawai wani zai zagayo ta gabansa ya tsallaka.

In motar da ta tare hanya a hannunka take, kuma ga wani ya taho, kai ne mai jira. Wannan ba ya buƙatar gardama ko ƙyafta fitila. Tsaya da ɗan nisa yadda za ka hango gaba, ba ka manne da bayanta ba. Kuma kada ka bi na gabanka ido rufe don ya samu ya wuce. Ratar da ta ishe shi ba lallai ta ishe ku biyu ba. Hon yana da amfani wurin sanar da babba, amma bai taɓa tsayar da yaron da ya riga ya fara gudu ba, wani lokaci ma firgita shi yake yi ya daskare a gabanka.

Da dare abin ya fi muni. Babbar mota ta lalace a bakin titi, ba fitila, ba alamar gargaɗi sai ganyen da aka kakkarya aka zuba, na gaba kuma ya haske maka ido. Haɗa wannan da hazon hunturu. In hasken wani ya hana ka ganin gefen dama, rage gudu nan take, kada ka ce ka san hanyar.

Mu masu yin fakin ma da namu alhakin, kuma wannan yana ci mini rai, domin mutumin da ke zagin wanda ya tare masa hanya shi ne zai tsaya a bakin kwana ya shiga sayen kati. Fakin a kwana ko mahaɗa yana makantar da duk mai fitowa daga layi, ko 'yan Karota masu kula da hanya sun gani ko ba su gani ba. Wurin buɗe ƙofa, akwai ɗabi'ar da aka san mutanen Holan da ita, wadda Birtaniya ta saka a littafin dokokin hanyarta a 2022: ka buɗe da hannun da ya fi nisa da ƙofar. A wurinmu direba zai yi amfani da hannun dama ke nan. Dole kafaɗarka ta juya, idonka ya faɗa kan madubi da abin da ke tahowa daga baya. Buɗe kaɗan, ka sake dubawa, sannan ka fita.

Iyaye mata da ke zuwa koyo don kai yara makaranta, nakan roƙe su abu ɗaya: "Hajiya, don Allah yara su riƙa sauka ta ƙofar dama kawai." Ƙofar baya ta hagu a kulle ta da ɗan makullin yara da ke jikin bakin ƙofar, yawancin motoci suna da shi, masu su ne ba su sani ba. In kuma makarantar a tsallake take, ki kashe mota, ki fito, ki riƙe hannunsu ku tsallaka tare, ta wurin da babu motar da ta kare ku daga idon masu tahowa.