Kafin Ka Sayi Hitar Wanka Marar Tanki

Da zarar hunturu ya kama, yawancin kiran da muke samu, mu masu aikin wuta da famfo, a kan hitar wanka ne. Wadda ake yayi yanzu ita ce marar tanki, ƙaramar nan da ake maƙalawa a bangon banɗaki, kana buɗe shawa ruwa na zubowa da zafinsa. Ba ta cin wuri, ba ta shan wuta sai ruwa na gudu. Sai dai akasarin waɗanda ake kira na in gyara lafiyarsu ƙalau, gidan ne bai dace da su ba.

Mu fara da lissafi. Idan lita 1 ke wucewa a minti, ƙara mata zafin digiri 1 yana cin wajen wat 70. A ce ruwan da ya kwana a tankin sama cikin ɗarin Jos ko Kano yana kan digiri 15, kai kuma kana son 40 don wanka. Tazarar digiri 25 ke nan. Hita mai kilowat 3.5, wadda ta fi arha, lita 2 kacal za ta iya ɗumamawa a minti. Shawa mai lita 6 a minti kuwa sai kilowat 10.5. Shi ya sa wadda ta yi maka aiki da damina take ba ka ruwa mai ɗumi-ɗumi a Janairu.

Sai batun wuta, kuma nan ne hatsarin yake. A kan bolt 230 na gidajenmu, hita mai kilowat 7 tana jan wajen amfiya 30, alhali soket ɗin bango 13 aka yi shi ya ɗauka. Na sha tarar da soket ya narke saboda an jona ta a layin ɗaki. Dole a ja mata layinta ita kaɗai tun daga akwatin raba wuta, da waya mai kaurin murabba'in milimita 6 ko fiye, da birekarta. A sa na'urar da ke katse wuta nan take idan ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30, a kuma tabbatar wayar ƙasa tana aiki. Mai wanka jikinsa jiƙe yake, ƙafarsa a ruwa. Kada a yi tsimin kuɗi a nan, araha ba ta ado.

Idan wutar unguwarku ba ta zuwa da ƙarfi, ku sani cewa saukarta daga 230 zuwa 180 tana rage zafin hitar da kusan kashi 40 cikin 100. Ƙaramin janareta da solar gida ba sa ɗaukarta.

Ruwan ma a duba shi. Hitar ba ta tashi sai ruwa ya tunkuɗo ta da ƙarfi, kuma tankin da bai ɗara kan shawa da nisa ba ba ya ba da wannan ƙarfin. Ko a ɗaga tankin, ko a sayi mai ɗan famfo a ciki. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana tara farar ƙasa a bututunta, don haka a sa matata, a riƙa wanke ta.

Mai aiki da gas ta fi ƙarfi, amma kada a kuskura a kafa ta cikin rufaffen banɗaki. Tana iya fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya sume bai ankara ba. A kafa ta waje, ko a fitar mata da bututun hayaƙi.

Gidan da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, mai tanki ta lita 30 ko 50 ta fi masa, domin wajen kilowat 1.5 take ci, tana kuma ajiye ruwan zafi bayan an ɗauke wuta. Maigida, kafin ka je kasuwa, kira ƙwararren mai aikin wuta ya auna wutar gidanka, ya duba wayoyinka da tsayin tankinka, sannan ka fitar da kuɗi.