ZALƁE DA DANGINSA A BAKIN KOGIN KADUNA

Kogin Kaduna ya taso daga duwatsun Jos, ya yi tafiya wajen mil 340 kafin ya faɗa Kwara kusa da Fategi. A kan hanyarsa ya ratsa garin Kaduna, ya raba shi biyu. Kakuri da Barnawa suna kudu, Malali da Unguwar Rimi da Kabala suna arewa. An ce daga kada kogin ya sami sunansa, gama dā kaduna sun yi yawa a cikinsa. Sa'ad da Gwamna Lugga ya sa aka taso da mazaunin mulkin Arewa daga Zungeru zuwa nan, cikin shekara ta 1917, bakin kogin galibi daji ne da fadama. Yanzu gidaje sun cinye dajin, amma har wa yau akwai waɗansu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ba su bar wurin ba. Labarinsu za mu karanta.

Ni akawu ne, aikina juya magana daga Turanci zuwa Hausa. Wata rana aka ba ni takarda mai sunayen fararen tsuntsaye iri uku, na rubuta balbela a duk wuri ukun, ina tsammani na gama aiki. Da maraice na sauka bakin kogi wajen Kabala, na tarad da wani tsoho masunci yana gyaran taru. Na nuna masa wani farin tsuntsu cikin ruwa, na ce, "Baba, dubi balbela." Ya ɗaga kai, ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin balbela mai baƙin baki? Waccan kifi ta ke nema, ba ruwanta da saniya." Kunya ta kama ni. Ashe na san sunaye a takarda, ban san masu sunayen ba. Tun daga ran nan na shiga koyon dubansu, abin da na koya kuwa shi zan gaya maka.

YADDA ZA KA SHIRYA

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya janye, duwatsu da yashi suka fito fili. Ka tafi da sassafe, ko kuwa bayan la'asar. Kada ka sa farar riga, gama daga nesa tsuntsu zai hange ka, ya tashi. Ka nemi inda rana za ta kasance a bayanka, don in tana gabanka ko wane tsuntsu baƙi za ka gan shi. Ka zauna gindin itace, ka yi kurum. In ka daɗe ba ka motsa ba, za su mance da kai, su ci gaba da kiwonsu.

Ka riƙa ɗan littafi da fensir. In kana da tabarau na hangen nesa, madalla. In babu, idonka ya isa. Kada ka shiga ruwan da ya kwanta a gefe, don a irinsa a kan ɗauki tsargiya. Da damina kuwa ka nisanci gaɓa, kogin ya kan cika farat ɗaya.

ABU HUƊU DA ZA KA DUBA

Na fari, baki. Miƙaƙƙe ne kamar mashi, ko lanƙwasasshe kamar lauje? Rawaya ne ko baƙi?

Na biyu, ƙafa. Ka dubi tsawonta da launinta, har yatsu. Abin nan da ka ke gani kamar gwiwa ta juya baya, idon sawu ne. Gwiwar ainihi tana can sama, gashi ya rufe ta. Watau a kan yatsunsa tsuntsu ke tafiya.

Na uku, wuya in ya tashi sama. Wannan ita ce babbar alama. Zalɓe da balbela da duk danginsu su kan naɗe wuya, kai ya koma tsakanin kafaɗu. Shamuwa da jinjimi da gauraka kuwa miƙe wuya su ke yi sosai. Ko tsuntsu ya yi nisa har ba ka ganin launinsa, wuyansa zai gaya maka danginsa.

Na huɗu, yadda ya ke neman abinci. Tsaye ya ke yana jira, ko yawo ya ke yi? Shi kaɗai ne, ko cikin garke?

ZALƁE

Zalɓe tsayinsa ya kai ƙafa 3, fukafukansa kuwa in ya buɗe sun fi ƙafa 5. Ya kan tsaya cikin ruwa sai ka ce an kafa sanda. Kifi ko kwaɗo ya zo wucewa, sai ya sake wuyan nan da ya naɗe, ya cafke shi kafin ƙiftawar ido. Akwai wani ƙashi cikin wuyansa wanda ya fi sauran tsawo, shi ke sa wuyan ya tanƙware kamar baka, ya kuma harba kamar kibiya. Kifin ta kai ya ke haɗiye shi, don kada ƙaya ta tokare masa maƙogwaro.

Ga wani abin mamaki. A ƙirjinsa akwai wani gashi mai laushi wanda ke dagargajewa ya zama gari. In yauƙin kifi ya ɓata masa jiki, sai ya shafa garin nan, kāna ya taje da farcen yatsansa na tsakiya, wanda ke da haƙora kamar mataji.

Iri biyu ne mutane suka fi rikitawa, gama dukansu ruwan toka ne. Ɗaya yana da farin kai, da baƙin zane daga ido zuwa ƙeya, bakinsa rawaya. Wannan ba ya nisa da ruwa, da rani kuma ya fi yawa. Ɗayan kansa da bayan wuyansa baƙi ƙirin, maƙogwaro fari. In ya tashi za ka ga ƙarƙashin fiffike rabi fari rabi baƙi, na farkon kuwa toka ne duka. Mai baƙin kan nan ya kan bar kogi ya shiga gona, yana kama ɓeraye da ƙadangaru da fara, ya kan kuma yi sheƙa bisa manyan itatuwa har cikin gari. Manomin da ya jefe shi, mai gadinsa ya jefa.

Akwai na uku, mai jan wuya siriri kamar maciji. Ɓoyewa ya ke yi cikin dogayen ciyayin ruwa, sai mai haƙuri ke ganinsa.

FARARE UKU

To, ga waɗanda suka ba ni kunya. Balbela ita ce gajeruwarsu. Bakinta rawaya, wuyanta kakkaura, cikin garke ta ke tafiya. Tana bin shanu, kofatonsu na ta da fara daga ciyawa, tana kamawa. Don haka Hausawa ke ce mata ci da motsin wani. Mutane da yawa suna zaton kaska ta ke ci, amma wannan aikin carki ne, ita fara da ƙwari ne yawancin abincinta. Lokacin sheƙa gashin kanta da ƙirjinta da bayanta ya kan yi ja-ja.

Ta biyu ta fi balbela tsawo da sirantaka. Bakinta baƙi, ƙafafunta baƙaƙe, amma yatsun rawaya ne, sai ka ce ta taka kunun rawaya. Ta kan girgiza ƙafa cikin laka don ƙananan kifaye su fito. Ita ce wadda na nuna wa masuncin nan.

Na uku babba ne, ya yi kusa da zalɓe a tsayi. Bakinsa rawaya ne galibin shekara, ƙafafunsa baƙaƙe har yatsu. Shi farin zalɓe ne sosai, tsayuwarsa da jiransa duk irin na zalɓe.

SHAMUWA DA JINJIMI DA ZAKARAN ƘEƘUWA

Shamuwa baƙa ce, cikinta fari. Ba ta cika tsayawa cikin ruwa ba, fara da tsutsa ta ke kiwo a fili. Ta kan iso ƙasarmu gab da faɗuwar ruwa, shi ya sa manomi in ya gan ta sai ya soma gyaran fartanya. A nan ta ke sheƙa ta ƙyanƙyashe. Da kaka sai ta tashi, ta ƙetare zuwa kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabwe, gama sa'ad da mu ke rani su damina su ke yi. Watau ruwan sama ta ke bi, don inda ruwa ya sauka nan fara ke fitowa.

Jinjimi jikinsa fari, kai da wuya baƙaƙe ba gashi, bakinsa lanƙwasasshe. Da shi ya ke lalube cikin laka. Mutanen Masar na dā sun girmama shi ƙwarai, har su kan shafe gawarsa da magani su naɗe su binne. Duk da haka tun wajen 1850 ya ƙare a Masar. Mu da ke da shi sai mu lura.

Zakaran ƙeƙuwa ƙarami ne, baƙi da fari da ruwan ƙasa, yana da ƙaya a gwiwar fiffike. Shi ne ɗan gadin yashi. Da ya hange ka sai ya ɗau kuka, duk tsuntsayen wurin su farga. A kan yashi tsirara ya ke ƙwai, ƙwan kuwa launin ƙasa ne, saboda haka ka dubi inda ka ke taka ƙafa.

BAƘI DAGA NESA

Cikin waɗanda ka ke gani da rani, waɗansu daga Turai suka zo, sun gudo wa sanyi, sun ƙetare Bahar Rum da Sahara. Yaya aka sani? Cikin 1822 aka harbe wata farar shamuwa ta Turai a ƙasar Jamus, aka tarad da mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar nan duka. Cikin 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Denmark, sunansa Mortensen, ya soma sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mara nauyi a ƙafa, da lamba a jiki. Har yanzu ana yin haka. In ka sami tsuntsu da irin zoben nan, kada ka tsorata, ba sihiri ba ne. Ka rubuta lambar, da ranar, da wurin, ka kai wa ma'aikatan gandun daji.

Balbela ma matafiya ce. Cikin 1877 aka gan ta a Amurka ta Kudu, ba wanda ya kai ta, ita ta ƙetare teku da fiffikenta. Cikin 1953 har ta yi sheƙa a Amurka ta Arewa.

INA GAURAKA?

Ka tambayi tsofaffi, za su gaya maka dā gauraka ba abin nema ba ne a fadamun Arewa. Dogo ne, ya fi ƙafa 3, da tukku kamar zinariya a ka. Biyu biyu su ke tafiya, su kan yi rawa suna tsalle, a ƙasa kuma su ke sheƙa cikin ciyawar fadama. Yau da ƙyar a ke ganinsa a dajin Nijeriya. An kama shi ana sayarwa don a ajiye a gidajen manya, fadamun da ya ke ƙwai kuma an nome su, ko sun bushe. Cikin 2010 masana halitta na duniya suka sa shi cikin jerin waɗanda a ke tsoron ƙarewarsu.

Abin da ya sami gauraka yana iya samun sauran. A Kaduna ana gine-gine har bakin gaɓa, ana zuba shara da leda da dattin ruwa cikin kogi, waɗansu kuma su kan zuba maganin ƙwari don su kwashi kifi a sauƙaƙe. Kifi ya mutu, zalɓe ya ci ya mutu, mutum ma ya ci ya kwanta. Ruwan nan kuwa shi a ke tacewa a Malali a aiko mana cikin famfo. In ka ga zalɓe ya bar wani wuri, ka tuhumi ruwan wurin.

Amma ɓarna tana gyaruwa in mutane sun tashi. Dā a Turai an kashe fararen nan ba iyaka, don a ƙawata hulunan mata da gashinsu. Cikin 1889 waɗansu mata a Ingila suka kafa jam'iyya don hana wannan, ba su fasa ba har aka yi doka cikin 1921. A ƙasarmu kuma, cikin 2000, aka sa tafkin Nguru cikin fadamun da duniya ta yi alkawarin tsarewa.

AIKINKA

Kai da ka koyi rubutu, ga inda zai yi amfani. Ka zaɓi wuri guda a bakin kogi, ko Malali, ko Kabala, ko lambun Gamji. Ka riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Ka rubuta rana da wata, da irin da ka gani, da yawansu. Wanda ba ka gane ba, ka rubuta kamanninsa, kada ka ba shi suna da ka, kamar yadda na yi. Ka tambayi masunta da makiyaya, gama sun riga mu sani. Bayan shekara littafinka zai nuna ranar da shamuwa ta iso da ranar da ta tafi. Bayan shekara goma zai nuna ko zalɓe na ƙaruwa ko yana raguwa, ba wanda zai yi maka gardama. Ka kuma hana yaranka ɗibar ƙwai da harbi da danƙo.

TAMBAYOYI

1. Yaya za ka bambanta zalɓe da shamuwa in suna sama?
2. Faɗi launin baki da na yatsu na fararen nan uku.
3. Wane amfani zalɓe mai baƙin kai ke yi wa manomi?
4. Ina shamuwa ke tafiya da kaka, don me kuma?
5. Me ya rage gauraka a ƙasarmu?