Ɗana, Fita Ka Ga Gari

 Mahaifiyarka ta ce ka fara sabawa da Dutsin-Ma, sai dai kana ƙorafin wai garin babu abin kallo. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai waya. Ban ga laifinka ba. Wanda ya tashi cikin hayaniyar Kano dole ya ji ko'ina shiru. Amma matso kusa mu yi magana.

Jami'ar da kake ciki yarinya ce, a 2011 aka kafa ta. Garin ya girme ta nesa ba kusa ba. Kafin ta zo akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai sunan Wazirin Katsina da ya riƙe muƙamin ministan ilimi na Jihar Arewa. Kafin kwalejin akwai dutsen da ya ba garin suna, akwai fadar 'Yandakan Katsina, akwai maƙera da mahauta da makaɗansu. Digiri kam ko'ina ka je ana bayarwa. Waɗannan kuwa sai a nan, kuma shekarun karatu ba su da wuyar wucewa.

Ranar Laraba, in ba ka da lacca, shiga kasuwa ko babu ko sisi a aljihunka. Tsaya a kara ka ji yadda dillali ke lallaɓa mai saniya har a yi sallama. Je wurin masu fura da nono ka dubi zanen da ke jikin ƙwarya, ka dubi saƙar faifan da aka rufe ta da shi. Hannun wani ne ya yi wannan, kuma shi ma wurin wani ya koya. Ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Tsoho in ya ga yaro ɗan boko ya durƙusa ya gaishe shi, bakinsa buɗewa yake yi, har ya gaya maka abin da babu shi a littafi.

Amma ga inda yaran yanzu ke tuntuɓe. Kada ka ɗaga waya a fuskar mutum ba ka nemi izini ba. Matar da ta zo tallar nono neman abinci ta fito, kuma tana da miji da dangi. In hotonta ya yi yawo a TikTok, kai ka samu masu dariya na kwana biyu, ita ta samu magana a gida. Gobe wani ɗalibi zai zo da tambayar kirki, a juya masa baya saboda kai. Haka in ka ji Hausar 'yan garin ta bambanta da ta Kano, kada ka kwaikwaye su don raha. Su ma taka suke ji wani iri, kunya ce ta hana su faɗa.

In kaka ta yi, an kai amfani gida, kasa kunne. Inda ka ji kalangu da yamma, wataƙila dambe ne. Ka lura da yadda ɗan dambe ke tsuma in makaɗi ya kira sunan ubangidansa. A nan za ka gane abin da waƙa ke yi wa zuciyar namiji. Wata rana kuma ku haɗa kuɗin mota ku bi ta Kurfi, garin Maradin Katsina, ku shiga birnin Katsina. Ku ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai ɗaruruwan shekaru. Ku leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Gani ya kori ji. Sai dai ka san halin da hanyoyi ke ciki a 'yan shekarun nan. Tafi da rana, tafi da ɗan gari, ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi. Ko madatsar ruwan Zobe za ka je kallon masunta, haka za ka yi. In an ce a bari, ka bari.

Sauran al'adar kuma tana ɗakin kwananka. Na ji akwai Bayarabe da ɗan Binuwai a cikinku. In ranar al'adu ta zo, je ka ga rawarsu, ka tambayi ma'anar tufafinsu, ka ɗanɗana abincinsu muddin halal ne. Za ka ga Bafillace da ɗan Tibi suna tsokanar juna babu mai fushi, don wasa ne na tun kakanni. Wata rana bautar ƙasa za ta iya jefa ka Ebonyi ko Ondo, inda ba ka san kowa ba. Ran nan gaisuwa ɗaya da ka koya a harshensu za ta yi maka rana.

Su ma za su tambaye ka naka. Za su ce ba su labarin marinar Ƙofar Mata ko dutsen Dala. Kada ka tsaya kana sosa ƙeya. In ka zo hutu, ni zan raka ka da kaina.

Karatu shi ne abin da ya kai ka, kada ka sake da shi. Amma Larabar nan mai zuwa, ɗana, ajiye wayar ka shiga kasuwa. Ka gaida mini abokan ɗakinka.