Karatun Yara a Gidan Gona: Shawarwari ga Masu Koyar da 'Ya'yansu da Kansu

Akwai gidajen da makaranta ta yi wa nisa: waɗanda sai an ƙetare rafi kafin a kai firamare, da masu tarewa a gona tun daga shuka har girbi, da waɗanda rashin tsaro ya sa aka rufe makarantar garinsu. A irin waɗannan gidaje uwa da uba ne malamai, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Babban abin da ke kayar da karatun gida shi ne aikin gona, domin ba ya ƙarewa, kuma kullum yana zuwa da hujjar da za ta sa a ce a bari sai gobe. Ga dabarun da na ga suna tsare wa yara karatunsu, kuma yawancinsu ba sa cin ko sisi.

1. Ku yanke wa karatu lokacinsa, kada kowa ya taɓa shi. Da damina, tsakanin azahar da la'asar ya fi dacewa, tunda an dawo daga gona, an ci abinci, rana kuma ta hana kowa aiki. Da rani ku mayar da shi safiya, bayan karatun allo da karin kumallo. A wannan lokaci babu aike, babu "ɗebo min ruwa", ko da baƙo ne ya zo, domin ranar da aka fara tsinke karatu saboda sayen gishiri, yaro ya gane cewa gishiri ya fi littafi daraja a gidan.

2. Ku bi kalandar gona, kada ku yi faɗa da ita. Lokacin shuka, noman farko, maimai da girbi, ku rage darasi zuwa rabin awa, amma kada ku daina ɗungurungum, don yaron da ya yi wata biyu bai ga harafi ba sai an koma da shi baya. Daga an gama shigar da hatsi rumbu har zuwa saukar ruwan farko, nan ne dogon zangonku. Ku ajiye abubuwa masu wuya, irin su rabawa a lissafi da rubutun wasiƙa, sai wannan lokaci.

3. Ku je ku gaida hedimastan makarantar da ta fi kusa. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, saboda haka karatun gida bai kamata ya raba ku da makaranta ba. Ku roƙi malam ya nuna muku manhajar ajin da ɗanku ya kamata ya kasance, ya ara muku tsofaffin littattafai idan akwai, ya kuma duba yiwuwar yaron ya riƙa zuwa zana jarrabawar ƙarshen zango tare da tsaransa. Ku haɗa da karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yanzu, domin duk inda za a kai yaro gaba sai an tambaye ta.

4. Ku yi allon bango, ku kuma ɓoye littattafai. Faffaɗan katako ɗaya da ɗan gwangwanin baƙin fenti da kwalin alli sun ishe ku shekara, ƙanana kuwa su fara da yatsa a kan rairayi kafin a ɓata musu takarda. Littattafai su kwana a akwatin ƙarfe ko bokitin fenti mai murfi, saboda gara da ɓera da akuya duk suna cin takarda.

5. Ku fara da Hausa. Yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake magana da shi, kuma idan ya iya haɗa baƙi da wasali a Hausa, Turanci ko Faransanci ba zai zo masa a baƙon abu gaba ɗaya ba. Ku nuna masa bambancin b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ tun farko, wanda kuma ya yi nisa a allo ku bar shi ya riƙa rubuta saƙo da ajami, wannan ma ilimi ne. Da dare a karanta wa kowa labari ɗaya daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, a tsaya daidai inda ya yi daɗi, za ku ga gobe yaro da kansa yana neman littafin.

6. Lissafi yana nan cikin gonarku. Ku sa yaro ya ƙirga kunyoyi, ya ƙirga ramuka nawa ne a kunya ɗaya, sannan ya faɗa muku ramukan gonar duka ba tare da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba, to ya koyi ninkawa ke nan. Ranar aunon hatsi ya riƙe alƙalami: mudu nawa ya shiga buhu, dami nawa ya ba da buhu ɗaya, nawa za a fitar na zakka. Wanda ya kai shekara goma ku damƙa masa littafin gona ya rubuta kuɗin iri, taki, ƙwadago da abin da aka sayar, domin a ƙarshen kaka shi zai gaya wa maigida ko gyaɗa ta fi wake riba, kuma sau da yawa amsar takan ba manya mamaki.

7. Ku gwada iri tare da su kafin shuka. Yaro ya ƙirga ƙwaya 100 ta masara ko wake, ya jera su cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗe, ya riƙa yayyafa ruwa har kimanin mako guda. Idan 80 suka tsiro, ya ga ma'anar kashi 80 cikin 100 da idonsa. Idan kuwa rabi ne kawai suka fito, ya cece ku daga shuka mataccen iri.

8. Ku kafa ma'aunin ruwan sama. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a ɗora shi a fili nesa da bishiya da rufin ɗaki, kowace safiya a tsoma rula a rubuta kwanan wata da zurfin ruwan, a zubar. Milimita ɗaya a gwangwani daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita na gonarku. Bayan damina biyu yaron zai iya nuna muku a rubuce wace shekara ruwa ya yi jinkiri, da tsawon kwanakin da aka yi ba a samu ko ɗigo ba.

9. Kowane yaro ya samu dabbarsa da shafinta. Kaza tana kwanci kwana 21, ƙwan zabi kuwa yana kaiwa wajen kwana 28, akuya tana ɗaukar ciki kimanin wata biyar, sai ku sa ya rubuta ranar farawa ya lissafo ranar da ake sa rai. Kuɗin ƙwai ko na ɗan akuyan da aka sayar a fara cire na littafin rubutu da fensir daga ciki.

10. Uwargida, kada ki ce ba ki yi boko ba. Ke ce kika fi kowa zama da su, kuma ko sauraron yaro yana karantawa da tambayarsa "to, me ya faru daga nan?" rabin koyarwa ne. Karantar da mata a cikin gida tsohon abu ne a ƙasar nan: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta horar da jajojin da ke kai ilimi ga matan ƙauyuka har inda suke, wannan ƙungiyar ce ake kira 'Yan Taru. Abin da zan roƙa shi ne a raba ɗiban ruwa, wanke-wanke da raino tsakanin maza da mata, domin idan aka bar su a kan yarinya ita kaɗai, lokacin karatunta ne ake biya da shi.

11. Akwai aikin da ba na yara ba ne. Feshin maganin ƙwari da na ciyawa, da wanke famfon feshi, aikin manya ne, kuma kwalbar da ta ƙare a huda ta don kada wani ya zuba ruwan sha a ciki. Lokacin girbi macizai, musamman kububuwa, sukan fake a ƙarƙashin dami da tarin kara, saboda haka a koya wa yaro ya ɗaga da sanda kafin ya sa hannu, a kuma saya masa dogon takalmin roba. Idan tsautsayi ya faɗa maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hana yaron tafiya da ƙafarsa a garzaya asibiti.

12. Ku yi gayyar karatu da makwabta. Yaro yana bukatar tsaransa, kuma abin da gida ɗaya ya rasa wani gidan yana da shi: wannan ya iya Turanci, wancan ya iya lissafi. Rana ɗaya a mako a tara yaran gida uku ko huɗu a inuwa ɗaya, a yi gasar rubutu da kacici-kacici. Idan ɗalibin kwalejin horar da malamai ya dawo hutu, ku ɗauke shi ya riƙa zuwa, a biya shi da hatsi in kuɗi sun yi wuya.

13. Rediyo da fitila mai sola. A saurari labarai tare, sannan yaro ya maimaita abu uku da ya ji, ya rubuta sunan ƙasa ɗaya ya nemo ta a taswira. Fitilar a caja ta da rana a ajiye ta don karatun dare, kada a ƙarar da ita wajen cajin waya.

14. Ku riƙa gwada su duk ƙarshen wata, ku adana takardun. Shafi ɗaya ya isa: shifta layi biyar, lissafi goma, da gajeren labarin abin da ya faru a gona, a sa kwanan wata a sama. Da haka za ku ga inda yaro ya tsaya cik tun kafin abin ya yi nisa, ku kai wa malam ya duba. Ranar da hanya ta buɗe aka kai shi makaranta, ku tafi da takardun nan gaba ɗaya, domin su ne za su nuna ajin da ya dace a sa shi.