Darasi na Bakwai: Ƙwayoyin Halitta Masu Amfani a Abincin Dabbobi

Mai sana'ar nono takan zuba ɗan ragowar na jiya a cikin madara domin ta kwana ta zama kindirmo. Masu yin wannan aiki wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, irin su Lactobacillus. Ire-irensu ne kamfanoni ke busarwa su mayar gari, a gauraya da dusa ko ruwan sha, domin su taimaka wajen narkar da abinci, su kuma hana miyagun ƙwayoyi samun mazauni a hanjin dabba.

Kasuwarsu ta bunƙasa musamman daga shekarar 2006, lokacin da Tarayyar Turai ta haramta sanya magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma kawai.

Sai dai haja ce mai rai. Mai turkar raguna a Makarfi, ko mai kiwon kaji a Ikara da Kudan, wajibi ne ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Garin da ya daɗe cikin zafin rumfar kasuwa yana iya zama dusa mai tsada kawai.

Akwai kuma matsalar suna. Bahaushe ya saba kiran waɗannan halittu duka “ƙwayoyin cuta”. Wane makiyayi ne zai biya kuɗi ya zuba wa ragonsa cuta? Saboda haka ya fi dacewa malami ya ce “ƙwayoyin halitta masu amfani”, ya kafa misali da kindirmo.

Jinga: A kawo wasu kalmomin kimiyya biyu da fassararsu ke rikita mai sauraro.